Baba Isa, Firjin Jirgi da Allurata

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Baba Isa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen Zangon Kumasi. Yaya ƙarfin jiki, yaya ido? Na san karatu yana yi maka wuya yanzu, shi ya sa na saka wannan a fili a intanet, ko 'yarka Ramatu za ta gani ta karanta maka. Masu leƙowa kuma su san wane ne kai.

Ka tuna zuwana jirgin katakon nan da ke kai masu kamun kifi cikin teku, a kwana biyu ko uku kafin a dawo Doha. Kai ne kuku, ni kuma sabon ɗan aiki daga Yawuri, mai jan igiya da wanke daɓe. Ban daɗe ba likita ya ce ina da ciwon suga, sai da allurar insulin, ita kuwa allurar ba ta shiri da zafi. Ka san zafin garin nan, wanda ƙarfe ma ba ya taɓuwa.

Matsalar ita ce ƙaramin firjin kicin ɗinka, inda nake ajiye allurar. Da an tsaya an kashe inji, sai ya koma kan batir, ya dinga zuƙa kamar mai jin yunwa. Wata safiya inji ya so ya ƙi tashi saboda shi. Kyaftin ya ce halas, magana ta ƙare, daga yau in an tsaya a kashe firji. Ban ga laifinsa ba, rayukan mutane ne a hannunsa. Amma ni na san ma'anar maganar: ko dai in bar aikin, ko in riƙa yi wa kaina allurar da ta lalace. Ga yara a gida suna makaranta.

Na zo na zauna a bakin kicin. Ba ka lallashe ni ba, ba ka kuma je ka yi musu da kyaftin ba. Cewa ka yi, "Ɗana, firjin nan ba mugu ba ne, wahala muke ba shi. Mu rage masa aiki, zai rage ci."

Ranar hutunka ce, amma ka taso daga unguwar Najma ka zo. Muka janye firjin daga jikin bangon ɗakin inji, inda ya daɗe yana shan zafi. Bayansa duk ƙura da gishirin teku sun daskare. Ka sa tsohon buroshi ka goge wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, kana waƙe-waƙenku na Zango. Ka narkar da ƙanƙarar da ta yi kauri a ciki. Ka maƙala takarda a ƙofa ka rufe, ka ja, ta zare ba gardama, ka ce to ga inda sanyi yake gudu. Muka sa wa ƙofar sabuwar roba. Ka lulluɓe gefe da gefe da soso, bayan kuwa ka bar shi a buɗe. Na ɗauko wani soson zan toshe, ka buge min hannu ka ce, "Kai ma in an toshe maka hanci za ka yi aiki?"

Sauran dabarar a hannun mutane take, kuma nan ne na fi jinjina maka. Kafin kowace tafiya kana daskarar da robobin ruwa a tudu, ka cika duk wani gurbi da su. Abinci mai zafi ba ya shiga sai ya huce. Ruwan sha da lemo ka mayar da su cikin kula, don kada kowa ya riƙa buɗe firji. Wanda ya manta ya kama ƙofar, sai ya ji muryarka daga bakin tukunya: "Buɗe da niyya, rufe da sauri!" Har baƙi Larabawa suka haddace, suna maimaitawa da Hausarsu a karye suna dariya.

A tafiya ta gaba kyaftin ya yarda a gwada. Da safe ya murɗa makulli, inji ya tashi bugu ɗaya. Ya leƙo kicin ya ɗaga maka babban yatsa, kai kuma ka ci gaba da yanka albasa.

Ina nan a jirgin har yau, Baba. Likita ya ce sugana ya daidaita. Babbar 'yata ta gama sakandare.

Akwai abin da ban sani ba sai makon jiya. Na je tsohon ɗakinku a Najma gaishe da Alhasan, abokin zamanka, hira ta kawo mu kanka. Na ce masa a jirgi ba ka shan ruwan sanyi, ko na cikin kula, sai na jarka wanda rana ta dafa. Kullum cewa kake yana sa ka tari. Alhasan ya yi dariya har da hawaye. Ya ce a ɗakin nan babu mai shanye musu ruwan ƙanƙara kamarka. Sai a lokacin na gane: rabonka na ƙanƙara kake mayarwa cikin firji, kusa da allurata. Na fito na tsaya a bakin titi, na daɗe ban iya tare mota ba.

Allah Ya buɗe maka idanunka, Ya ba ka lafiya mai ɗorewa. Allah Ya shirya maka zuri'a, Ya sa su ji ƙanka. Ya shayar da kai daga Alkausara ranar da ƙishirwa za ta yi tsanani. Amin.

Ramatu, don Allah ki riƙe masa hannu a madadina.

Ɗanka na Yawuri,
Nasiru