Muryarka da Sabbin Batura

Zuwa ga aminina Nomau,

Sallama da gaisuwa, da fatan Allah ya sa kana kwance cikin ni'ima. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Ko kana raye ma sai dai ka juya ta ka ba ni in karanta maka, don lokacin da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci da marece dariya kake yi mini, wai gemu da alli.

Albishirinka. Ɗiyarka Rabi ta haifa wa ɗana Sani namiji. Ni da kai mun zama kakannin yaro guda, kuma sunanka na yanka aka raɗa masa, Usmanu. Hancin ma naka ne, Allah ya ba shi haƙuri.

Bana ma damana ba ta yi ba. Ragon sunan da muka samo a Turba, in iska ta taso sai an riƙe shi. Amma ba wannan ya hana ni sukuni ba. Kafin suna Rabi ta aiko uwar Sani ta gaya mini ta manta muryarka. Tana ƙarama ka tafi. Ta ce tana tuna gangarka, tana tuna hularka, amma muryar ta ɓace mata, kuma tana son ta ji ta da ɗanta a hannu.

Ka tuna gayyar Kurawa, shekarar da aka yi fari na farko, ranar da muka nome hatsin da duk mun san ba za shi yi ba? Ka yi waƙar nan mai nauyi, kana jan ta a hankali, murya a ƙasa, har manyan mutane suna share ido suna cewa ƙura ce. Mamman na Burkusuma, mai fatauci zuwa Nijar, ya aje rakodarsa bisa kunyar gona ya ɗauke ka. Na je har gidansa na karɓo kaset ɗin da aron rakodar, na biya kasuwar Isa na sayo batura sabbi fil, don ba na son a yi maka rowa.

Jajibirin suna na tara dattawa a ƙofar gida, na ce su natsu za su ji Nomau. Na danna. Aminina, wa ya sa maka muryar 'yar gaɗa? Waƙar ta fito siririya tana gudu kamar an biyo ta da sanda, gangarka kuma tamkar ƙanƙara bisa kwano. Liman ya yi ta maza, ya yi ta maza, daga baya ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na rawa. Tsofaffin mata suka fito suna cashewa da waƙar da ka sa mu kuka da ita. Sai a nan Mamman ya tuna cewa ranar da ya ɗauke ka baturansa sun kusa mutuwa, zaren yana tafiya da ƙyar. Yanzu da ya samu masu ƙarfi, sai ya kwashe ka a guje.

Ni ma na yi dariya. Ta tsaya ne da aka zo aka ce Rabi ta ji daga ɗaki, tana tambaya ko da gaske haka babanta yake magana. In bar ta da wannan? In bar jikanmu ya tashi a gaya masa kakansa muryar ɗan tsako gare shi?

Na bi gida-gida ina aron tsofaffin baturan tocila. Waɗannan kuma sun mutu da yawa, ka koma raƙumi mai ciwon ciki. Sai na ga ba dabara illa in gajiyar da sabbin. Na zauna bayan rumbu, wanda dama ba komai cikinsa, ina sa ka, ina maido ka, ina sake sa ka, har maƙwabta suka aiko a ba ni haƙuri. Kafin magariba ka girma kaɗan, ka kai matar aure.

Da safe, bayan an yi addu'a an raba goro, na ɗauki rakodar na tsuguna a bakin ɗakin mai jego. Na ce mata ta saurara, in muryarka ta gaskiya ta zo za ni buga ƙofa. Ka fara a saurayi mai sauri. A hankali gangar ta daina gudu, ta koma takun mai noma da kalme. Har na fara jin sauran abin da kaset ɗin ya kwaso a gonar: ƙarar kalmuna, jakin wani, da wani mutum mai amshi a karkace. Ni ne. Tawa muryar kam ba batir ɗin da za shi gyara ta.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba, don tsakaninmu ba a saba yabo ba. A waccan gayya na riga na ɗaure kayana za ni bar garin. Waƙarka ta sa na kwance su. Da na tafi, ina Sani za shi ga Rabi?

Ina cikin wannan tunani na shagala, hannuna bai kai ga ƙofa ba. Sai na ji ta daga ciki tana gaya wa jaririn ya yi shiru, ga Baba nan. Ba wanda ya nuna mata. Ta ce da wannan muryar kake kiranta ta kawo maka ruwa in ka dawo daga gona. Mun same ka daidai har ƙarshen waƙar, sannan batura suka ƙarasa, ka yi ƙasa a hankali ka yi shiru. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, kuma ba wanda ya ce ƙura ce.

Allah ya jiƙanka, ya raya mana takwaranka, ya ba mu ruwa baɗi. Sai na iso.

Amininka,
Illo, kakan Usmanu