Gadar da Ɗan'azumi Ya Ƙwace Mani

Daren Talata, watan Rajab

Har yanzu dariyar Ɗan'azumi ba ta bar kunnena ba. Ni na harbi gadar nan ranar Asabar, kowa ya shaida. Ta faɗa cikin sabara da rauninta, fitilar goshina ta kasa nuna mani komai. Karnukansa suka gano ta, ya saɓa ta a kafaɗa, wai ƙa'idar daji ce, nama na wanda karensa ya riƙe ne. Har da ce mani, "Malam Hamisu, ka nemi tabarau."

To, yau na je wani shago a Ƙofar Kwaya duba na'urar nan mai ganin ɗumin jikin dabba cikin duhu. Mai shagon ya fito da iri biyu. Ɗaya tana hango nesa, amma kamar leƙe ta ramin makulli. Ɗayar ba ta da nisa, sai dai tana ɗauko fili da faɗi. Ya dafa bango ya janye hannu, na duba, sai ga sawun yatsunsa yana haske. Na ce ya maimaita, na sake dubawa.

Ya ce, "Malam, manya mai nisan suke ɗauka." Na ce mai faɗin nake so. Ni ba a nesa nake asara ba, a gabana ake ƙwace mani.

Asabar mai zuwa ya saki karnukansa su yi ta shinshine-shinshine, ni zan riga su. In na feɗe, zan aika mashi da ƙasusuwa a leda, in ce a ba karnukan, sun sha wahala.