Gidan Malam Bello na Kan Tudu

Yelwa, watan Maris

Zuwa ga Yaya Zakari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin can? Allah ya ci gaba da tsare ku, kai da sauran sojojin da kuke tare. Tunda inda aka kai ku waya ba ta shiga, na ba direban da ke kai muku kaya wannan takarda.

Inna tana lafiya, sai gwiwoyin nan nata. Na je tungarmu ta bakin tafki na gaishe ta, har yanzu sawun ruwan bara yana jikin bangon ɗakinta.

Yaya, na ga gida. Na wani tsohon malamin makaranta ne, Malam Bello, zai koma Birnin Kebbi wurin ɗansa. A kan tudu yake, inda ko shekarar da ruwa ya fi ɓarna bai kai ba. Ɗaki uku, ga rijiya a tsakar gida, kuma babu matakala a bakin ƙofa da za ta wahalar da Inna. Abin da ka turo da abin da na tara a aikin asibiti ya kusa isa.

Na koma da ƙawata Mufida ta gani. Ka san tun muna firamare ko mayafi ba na saya sai ta duba. Ta shiga kowane ɗaki, ta leƙa rijiyar, ta ce wallahi kamar don Inna aka gina shi. Da muka koma wurinsu, mijinta Basiru ya zaunar da ni. Shi da yake fataucin albasa, babu dillalin da bai sani ba a garin nan. Ya ce kada in yi gaggawa. Yanzu kuɗin albasa da na shinkafar rani sun shigo gari, kowa na neman gida, masu sayarwa sai ɗaga kai suke yi. In na bari damina ta kankama, kuɗi sun koma gona, ba mai taya gida, tsohon da kansa zai sauko. Kuma lokacin ne zan ga inda kwano ke yoyo. Ya ce in daina zuwa, kada a ga na ƙwallafa rai, shi zai riƙa tuntuɓar tsohon a hankali.

Maganar ta shige ni. Abin da ke damuna kawai shi ne Inna ta sake ganin ruwa a bakin ɗakinta. Amma Basiru ya rantse kafin tafki ya cika mun tare. Ka taya mu da addu'a.

Taka ƙanwa,
Nusaiba

Yelwa, watan Satumba

Zuwa ga Yaya Zakari,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya ruwa a wajenku? Na sami amsarka, na ga inda ka ce in gode wa Basiru a madadinka. Yaya, ban isar da saƙon ba.

Tun da ruwa ya sauka nake tambayarsa, kullum amsar ɗaya ce: tsohon ya fara laushi, a ƙara masa lokaci. Mufida kuma ta rage zuwa wurina, in na kira sai ta ce ciwon kai. Na kai mata magani har gida, na zauna na taya ta tsinke zogale.

Makon jiya aka tura ni duba wata mai jego a unguwar kan tudu. Na ce bari in bi ta ƙofar gidan, ko daga nesa in ga yadda ya sha ruwa. Sai na tarar an yi sabon fenti, ana sauke katifu daga a-kori-kura. A tagar ɗakin da na ware wa Inna an rataya labule mai ruwan zuma. Ni na zaɓa wa Mufida yadin a kasuwa bayan Babbar Sallah. Ta ce min na ɗakinta ne ya tsufa.

Ban shiga ba. Na nemi lambar Malam Bello wurin maƙwabta na kira shi. Bawan Allah ya yi mamakin jin muryata. Ya ce tun cikin bazara Basiru ya gaya masa na fasa, wai an mayar da ni Kontagora. Ya ce ni ya so ya sayar wa, saboda na ce don mahaifiyata ne. Ya jira wani mai saye, damina ta shigo babu ko mai leƙowa, ɗansa na matsa masa ya taho. Da Basiru ya dawo ya taya, sai ya sallama masa a ƙasa da abin da ni na yi shirin biya.

Ka gani, Yaya, ko kalma ɗaya bai yi min ƙarya a kan kasuwar ba. Duk yadda ya faɗa haka ta kasance. Farashin ya sauko, sai dai ba ni ya sauko wa ba.

Basiru ɗan kasuwa ne, shi ban cika jin zafinsa ba. Mufida ce ta tsaya min a rai. Duk watannin nan muna cin tuwo kwano ɗaya, ina gaya mata inda zan sa gadon Inna, tana gyaɗa kai.

Ban faɗa wa Inna ba. Ruwa kuma ya fara taɓa gonakin bakin tafki.

Taka ƙanwa,
Nusaiba

Yelwa, watan Oktoba

Zuwa ga Yaya Zakari,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Kada hankalinka ya tashi, Inna tana samun sauƙi.

Ruwa ya shiga tunga. Da kwalekwale aka fito da su Inna zuwa makarantar firamare ta Wara, ana kwana a ƙasa, sauro kamar hayaƙi. Zazzaɓi ya kama Inna, ga tari. Na ɗauko ta zuwa Yelwa aka kwantar da ita a asibiti, amma ɗakin da nake haya a bakin ruwa shi ma ruwa ya kai gwiwa, a asibiti nake kwana. Na zaga gari neman haya. Mutanen tungaye sun cika ko'ina, ɗakin da a da ba mai kallo yanzu rububinsa ake yi.

Ana gobe za a sallami Inna, sai ga Mufida da kwanon fura. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ja ni waje tana kuka. Na tambaye ta abu ɗaya, yaushe ta sani. Ta ce tun ranar da muka je tare. Da ta koma ta yi ta yabon gidan, Basiru ya ce shi ma ya gaji da haya, ta kasa ce masa a'a, ta kasa gaya min. Sannan ta ce akwai ɗaki babu kowa, in kawo Inna har ruwa ya janye.

Yaya, na so in watsa mata furar a fuska. Na leƙa ta taga na ga Inna tana tari, ta dafe ƙirji. Na ce to.

Na san ranka zai ɓaci. Ni ma nawa a ɓace yake. Amma tun da na kai Inna gidan tarin ya ragu, tana fitowa da ƙafarta ta sha hantsi. Jiya ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, wanga gida da daɗi. Allah shi ba ki ƙawa irin Mufida ko a lahira." Mufida na tsaye da buta, ta juya ta shige ɗaki. Ni ce na amsa da amin.

In ka samu hutu, don Allah kada ka nemi Basiru da faɗa muddin Inna na ƙarƙashin rufinsa. Kuɗinmu suna nan ban taɓa ba. Ruwa na janyewa zan sake nema, ni kaɗai, kuma ranar da na gani ranar zan biya.

Kafin nan, kullum in na tashi daga aiki nakan hau tudun da ledar magani a hannu, in tsaya a ƙofar gidan in yi sallama, in jira a ce in shigo.

Inna tana gaishe ka, tana sa maka albarka.

Taka ƙanwa,
Nusaiba