Ɗan Farin da Ban Rubuta Ba

Talata, 9 ga Maris, 1982. Yelwa.

Yau na gano kuskurena a rajistar 'yan gudun hijirar Chadi. Dija, wata Bafulatana a cikinsu, 'ya'ya huɗu na rubuta mata, ashe biyar ne. Babban bai samu katin shaida ba, har an tsare shi a hanyar Shanga, ana batun mayar da shi iyaka.

Na ce, "Inna, me ya hana ki faɗi sunansa?"

Ta sunkuyar da kai. Maƙwabciyarta ta ce, "Haba Malam, ɗan fari ne fa!"

Na kai katin da kaina, aka sako shi. Shekara arba'in tawa innar ba ta taɓa kiran sunana ba, amma ban tuna ba. Gobe zan sake bin bukkokin. Ban san 'ya'yan fari nawa na tsallake ba.