Ayaba a Shagon Gonar Probert

Gonar Probert, Fabrairu

Nesta 'yata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da majinyatanki na Bristol. Ni lafiyata lau, in ban da ciwon kan da kika aiko mini.

Matar da kika ɗauko ta zo, Misis Ashdown ɗin nan, wai ƙwararriya a kan izinin gini da tsarin filaye. Ta iso da takalmi fes da taswira a hammata, ta tsaya a gonar da aka haife ni tana nuna mini inda iyakata take. Ni fa! Duk don hukumar gunduma ta aiko tana tambayar da izinin wa na mai da tsohon sito shago. Da izinin uwarki mana, Allah ya ji ƙanta. Ita ta share shi, ita ta jera dankali da tuffa da tukwanen fure, kuma har yau ba wanda ya mutu.

Na ce zan je ofishinsu in yi bayani da bakina. Sai matar ta ce, "Don Allah Mista Probert, kada ka je. Jami'insu zai zo dubawa. Kafin nan kada ka taɓa komai, ka bar shagon yadda yake." A biya mutum don ya ce maka kada ka yi komai! Ni dai ban taɓa jin irin wannan sana'a ba.

Ki huta lafiya.
Babanki

Bristol, Fabrairu

Baba,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya sanyi, yaya gwiwar? Na ga ba ka ambace ta ba, shi ya sa na tambaya.

Don Allah ka saurare ni sau ɗaya. Misis Ashdown ta yi mini bayani dalla-dalla. Manomin da ke sayar da amfanin gonarsa a bakin ƙofarsa, da wuya a ce masa uffan. Amma in suka ga kanti ne irin na cikin gari aka dasa a tsakiyar gonaki, rufe shi za su yi. In shagon ya tafi, gonar ba za ta riƙe kanta ba, ka fi ni sani. Ƙarshenta ka tattaro ka dawo ɗakin baƙina a saman bene, inda ko tukunyar fure ba ta samun rana. Kai ba ka so, ni ma ina tausayin maƙwabtana.

Abu ɗaya aka roƙe ka. Kada ka taɓa komai.

Taka,
Nesta

Gonar Probert, Maris

Nesta,

Bayan gaisuwa, ki kwantar da hankalinki, na gama da maganar.

Jami'in ya zo, wani siririn saurayi mai rigar ruwa. Ni kuwa na ce ba za a yi baƙo daga hukuma ya ga shagon uwarki a tsiyace ba. Na je wurin Desmond mai kanti a gari, ya cika mini bayan mota: ayaba, abarba, lemo, kyandir mai ƙamshi, har da katin gaisuwa. Da kin ga wurin da kin yi alfahari, ko'ina rawaya da kore.

Saurayin ya ɗaga nonon ayaba ya ce, "Wannan a wane fili ta fito, Mista Probert?" Na ce, "Bayan kejin kaji, ɗana, kusa da bishiyar abarba." Na yi dariya, shi bai yi ba, sai rubutu yake ta yi. Ana cikin haka matar nan taki mai taswira ta iso. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta rufe ido, ta daɗe a haka. Ina jin ba ta da lafiya.

Na ba su shayi da waina, kowa ya cinye nasa.

Babanki

Bristol, Maris

Baba,

Ina gaisuwa, don kuwa haka ka koya mini, ba don raina yana so ba.

Ayaba, Baba? Ayaba, a ƙasar da rana ke leƙowa kamar mai jin kunyar surukai? Mutum ya zo ya ga ko abin da kake sayarwa daga gonarka yake, kai kuma ka tarbe shi da abarba! Da ka rubuta "ku rufe ni" ka manna a ƙofa, da ka rage wa Desmond wahalar lodi. Haushi ya hana ni cin abinci. Kada ka amsa wannan wasiƙa, kada ka je ofishin kowa, kada ka ba kowa waina.

Nesta

Hereford, Maris

Zuwa ga Malama Nesta Probert,

Ina miƙa gaisuwa, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya.

Maganar ba ta lalace ba tukuna. Na zauna da jami'in, ya yarda a dakatar da batun rufewa har kaka. Zan nemi cikakken izini bisa sharaɗin cewa mafi yawan abin da ke shagon daga gonar zai fito. Na sha yin irin wannan, kuma ina sa ran nasara. Amma da kaka za su dawo su gani da idonsu, kuma wannan ne ya sa na rubuto miki ke, ba mahaifinki ba.

Bayan tafiyar jami'in na zaga gonar. Mahaifinki bai raka ni ba. Ya tsaya a ƙofar fili riƙe da ginshiƙi, ya ce tumakin maƙwabci yake kallo. Filin baya ciyawa ta cinye shi. Rumfunan leda na renon shuka sun yage, ba a shuka komai a ciki ba. Irin dankali na nan a buhu, ya yi tsiro. Da wannan gwiwa tasa, ban yi tsammanin ya iya taka wannan fili tun bara ba.

Da ya bar kantocin nan da 'yan tuffa da albasar da na tarar, da mun wuce lafiya, don kowa ya san ƙarshen hunturu. Ina jin shi ne ba ya son a ga yadda suka zama wayam. Na ba shi shawarar ya ba wani maƙwabci hayar filin. Ya ce sai dai bayan ransa, sannan ya ƙara mini shayi.

Izini zan iya samo muku. Dankali kuwa sai wani ya shuka shi, kuma lokacin shuka ya kusa wucewa.

Da girmamawa,
R. Ashdown

Bristol, Afrilu

Baba,

Ina gaishe ka. Misis Ashdown ta gaya mini abin da ta gani a filin baya. Kada ka yi fushi da ita, aikinta ta yi, kuma ita kaɗai ce a cikinmu ta je ta duba.

Har yanzu ina jin haushinka. Ka bar ni ina ta faɗa a kan ayaba, kai kuwa ba ka iya kaiwa ƙarshen filinka. Na yi kuka, in kana son ka sani.

Na nemi hutu a asibiti har kaka, sun ba ni. Bayan nan ban yi alkawarin komai ba, kada ka soma gaya wa Desmond na dawo gida. Za ka zauna a kujera a bakin fili ka yi ta ba da umarni, tunda nan ka fi ƙwarewa. Likita zai ga gwiwar nan. Abin da Misis Ashdown ta ce kuwa shi za mu yi, ko da cewa ta yi mu tsaya da ƙafa ɗaya.

Ina tafe ran Asabar. Ko in sayo takalman roba?

'Yarka,
Nesta

Gonar Probert, Afrilu

Nesta 'yata,

Allah ya kawo ki lafiya. Ki zo da yunwa, akwai ayaba.

Kada ki sayi takalmi. Naki suna bayan ƙofar sito kusa da na uwarki, inda kika cire su ranar da kika tafi Bristol. Ban taɓa komai ba.

Babanki