Ranar da Na Miƙe wa Dattawan Babban Duhu Ƙafa

Batsari,
Jihar Katsina.

Zuwa ga ƙanena Rilwanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zuwairatu da yara, ya ƙara rufa muku asiri a can Fatakwal. Mu nan sai godiya. Inna tana nan da sauƙi, ciwon bayan nan ne yake taso mata in ta daɗe a zaune, amma bakinta lafiya lau, kullum sai ta yi mitar ka daɗe ba ka zo gida ba. Uwargida Hassana da 'yarmu Khairiyya suna lafiya. Gero ya yi kyau a gonar bakin gari, ta nesa kuwa bana ma ba wanda ya taka ta, Allah dai ya kawo mana ƙarshen wannan hali. Tun da aka rufe layin waya muka koma zamanin da, shi ya sa ka ga na ɗauki biro. Hashimu direba, wanda ya kawo mini saƙonka, shi zai kai maka wannan in ya gama lodin wake.

Godiya ce ta sa na rubuto, amma sai na ba ka labarin daga tushe kafin ka san girmanta. Ka san yadda na faɗi a kwarin nan farkon damina, ina dawowa daga makarantar Babban Duhu, mashin ya danne mini ƙafar hagu. Ƙashi ya ɗinke, gwiwa kuwa ta ƙi lanƙwasawa, likita ya ce haka zan ci gaba da zama da ita. Abin da ban gaya maka a waya ba kafin a rufe layin shi ne, abokin aikina ya riga ya nemi canji an ba shi, kuma a ofishin ilimi na Safana sun faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa babu malamin da zai yarda a tura shi can a wannan yanayi. In ban koma ba, makarantar ta rufe ke nan. 'Yan acaɓa ba sa son hanyar, wanda ya yarda ma albashina ba zai ɗauke shi ba. Na gwada hawa nawa mashin, to matakin ƙafa yana nan ƙarƙashin mutum, sai an naɗe gwiwa ake taka shi, tawa kuwa ta tsaya a sanƙare kamar taɓarya. Na sauko raina a ɓace. Zaman gida ya mayar da ni mafaɗaci, ko kaza ta gifta sai na sami abin cewa, Hassana ce shaida.

Ana cikin haka Hashimu ya sallama da buhun ƙarafan nan naka, ya kuma nuna mini hoton da ka sa masa a waya, na manyan mashinan da ake miƙe ƙafa gaba a kansu. Gaskiya da farko cewa na yi Rilwanu ya daɗe a kudu har ya fara zarewa. Na dai kai wa Armaya'u mai walda na bayan tasha. Ya juya su, ya juya hoton, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce in hau mashin in miƙe ƙafar inda ta ga dama ta tsaya, ya sa alli ya yi alama. Ya cire matakan tsakiya, ya yi wa sababbin mazauni a gaban inji, na hagu ya ɗan fi na dama nisa. Sandar giya ya haɗa ta da dogon rodin da ka aiko, ta yadda da ɗan motsin idon sawu giya za ta shiga. Birki ma ya dawo da shi gaba, don ya ce in ƙafa ɗaya tana gaba ɗaya tana baya, zan zauna a karkace bayana ya biya bashin. Da na hau na zagaya tasha, wallahi Rilwanu sai da idona ya kawo ruwa. Armaya'u ya ce in yi 'yan kwanaki ina koyo a filin ƙwallo tukuna, don ƙafa ta saba da tsohon wurin birki. Na ce masa ina tuƙa mashin tun kafin a yaye shi. Ka san halin yayanka.

To ka tuna tsamiyar nan ta bakin Babban Duhu, inda dattawa suke shimfiɗa tabarma da hantsi. Tun kafin a haife mu ba a wuce wurin a kan abin hawa. Mai jaki ya sauka, mai keke ya sauka, mai mashin ya kashe ya tura, a tsuguna a gaisa da Baba Sammani da mutanensa, sannan a wuce. Baba Sammani shi ne ya ba da filin da aka gina makarantar, kuma maganarsa ce ta sa iyaye suke barin yara su zo duk da tsoron da ake ciki. Shekara da shekaru ban taɓa ƙetare wannan tabarma ban tsuguna ba. Ranar da na koma, na sa babbar riga don ta rufe ƙafar, ba na son a fara yi mini kallon tausayi. Na iso tsamiya na rage wuta, na kai ƙafar dama in taka birki, sai ta tafi tsohon wurinsa ta taki iska. Ka ji, mai lafiyar ce ma ta ci amanata. Birkin hannu kuwa na ji tsoron damƙe shi a cikin yashi, don shi ya kayar da ni a kwari. Haka na wuce dattawan nan fuu, ina jingine da baya, ƙafafu biyu a miƙe, tafin takalmina yana kallon fuskokinsu, rigata tana kaɗawa. Ko sallama ban iya yi ba, ina ta laluben birki, ban same shi ba sai a jikin dangar makaranta.

Ya kamata in koma nan take, amma kunya ta hana ni, na ce bari sai an tashi. Da aka tashi sun riga sun watse. Washegari na tarar da tabarmar babu kowa, aji kuma 'yan yara ƙalilan. Na ce ko cirar gyaɗa ce ta riƙe su. Kwana na gaba ajin ya zama wayam, daga ni sai allo. Tasalla mai ƙosai ta bakin makaranta ita ta tausaya ta faɗa mini. Ta ce magana ta zagaye gari cewa malam ya sami ƙarin girma a Safana, ya sayo mashin irin na masu kuɗi, ya zo yana miƙe wa iyayen gari ƙafa. Ta ce Baba Sammani bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi wanda bai san ya sauka a gaban furfura ba, bai ga abin da zai koya wa jikokinsa ba. Ya janye nasa, saura suka bi. Sun ji na faɗi da damina, har sun aiko da gaisuwa, amma da yake babu waya, abin da ya iso musu shi ne na warke sarai.

Na dawo gida ina huci. Na ce ni da na karye saboda 'ya'yansu, ni za a yi wa haka, to su riƙe makarantarsu. Inna ta bar ni na gama, sannan ta tambaye ni wa ya ɓoye ƙafar a cikin babbar riga, ni ko su. Ta ce mutanen nan abin da idonsu ya gani suka yi hukunci da shi, kuma da ita ce a kan tabarmar, da abin da za ta faɗa ya fi haka. Na ci tuwona na kwanta.

Da safe na sa 'yar shara da wando, na ajiye mashin tun daga nesa, na ɗauki sanda na taka zuwa tsamiya ina jan ƙafa. Na same su suna zaune. Na yi sallama, na yi niyyar tsugunawa kamar yadda na saba, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba, sai ga ni zaune daɓas a ƙasa, ƙafar ta sake miƙewa tana nuna Baba Sammani. Na kama ta da hannu biyu ina ƙoƙarin kawar da ita gefe, sannan na naɗe wandon na nuna musu tabon ɗinkin. Na gaya musu komai, da zancen ƙarafan da ƙanena ya aiko, da gargaɗin Armaya'u da na ƙi ji, da birkin da ya ɓace mini. Na roƙi gafara. Tsohon ya daɗe yana kallon gwiwar, ya matso ya ɗora hannunsa a kai, ya tambaye ni a ina na faɗi. Na ce a kwarin da ke hanyar nan, ranar da ruwa ya tare mu a aji har la'asar. Sai ya juya ga mutanensa ya ce ashe a hanyar jikokinsu aka karya ta. Ya ce in daina wahalar kawar da ita, ƙafar da ta sanƙare saboda 'ya'yan Babban Duhu tana da izinin miƙewa a gaban kowa a garin. Ya ce su ne ya kamata su zo Batsari su duba ni, ba su zo ba, don haka kowa ya yafe wa kowa. Wani dattijo ya ce a kawo mashin ɗin su gani, suka kewaye shi suna taɓa rodin, har wani yana tambaya ko za a iya yi wa jakinsa irin wannan gyara.

Bayan 'yan kwanaki da na koma, na taka birki a inda yake, don na yi kwanakin filin ƙwallon da na raina. A gindin tsamiya, daidai bakin hanya, na tarar an kife wani tsohon turmi an binne rabinsa. Baba Sammani ya ce nawa ne, in riƙa tsayawa in ɗora ƙafar a kai mu gaisa daga kan mashin, kada in sake sauka. Na ce masa Allah ya saka da alheri. Da na ƙarasa makaranta tun daga danga nake jin hayaniyarsu, aji ya cika har ana rigimar wurin zama, jikokinsa ne a layin gaba.

Rilwanu, ka aiko da 'yan ƙarafa a buhu, kana can ba ka san iyakar abin da ka yi ba. Ka mayar da ni bakin aikina, ka hana a rufe makarantar nan, ka kuma hutar da Hassana daga faɗana. Ni ne babba, ni ya kamata in riƙa ɗaukar nauyinka, sai ga shi kai ka ɗaga ni. Na gode, na gode ƙwarai. Allah ya yi maka albarka, ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da haka, ya tsare gwiwoyinka har tsufa.

Ka gaida Zuwairatu da kyau, ka shafa mini kan yara. Inna tana sa maka albarka, ta ce ka zo kafin azumi. Hassana da Khairiyya suna gaisuwa, Armaya'u ma ya ce a gaishe da injiniyan Fatakwal. Baba Sammani ya ce lallai in ka zo in kai ka ya ga wanda ya yi wannan tunani. Zan kai ka a bayan mashin ɗin, amma ka sani tun yanzu, in mun iso tsamiya kai za ka sauka ka tsuguna, turmin nawa ne ni kaɗai.

Wassalam. Ni ne yayanka mai yi maka addu'a kullum,
Badamasi.