Ni Kaɗai Na Ga Hannun Yaya Ya Ɗaga

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a taimaka a ɓoye sunana, Hausawan Doha ba mu da yawa, kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya min a rai na rasa wanda zan faɗa wa.

Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a nan Doha. Yayan matata ne ya yi min hanyar aikin, shi injiniya ne, ya daɗe a ƙasar, a gidansa ma na sauka kafin in kama nawa a Bin Omran in ɗauko iyali. Yaya nake ce masa, kuma wallahi bai taɓa yi min gori ba. Shi ne ya ja ni Tai Chi lokacin da likita ya ce hawan jini na neman kama ni. Motsa jiki ne na 'yan China, wanda za ku ga ana yi a hankali kamar mutum na iyo a tsaye. Da sanyi a bakin teku, a Corniche, muke yi, in zafi ya shigo mu koma ɗakin wasan wani ɗan ƙaramin kulob.

A ciki akwai abin da muke ce wa turin hannu. Mutum biyu za su tsaya su haɗa hannuwa, kowa na neman ya gusar da ɗan'uwansa daga inda ya kafa ƙafa. Akwai wani turi da ake sakin ƙarfin jiki gaba ɗaya a lokaci guda, malaminmu ɗan China yana ce masa fajin. Dokar gasar kulob ɗinmu ta yarda da shi amma da sharaɗi, dole tafinka yana manne da jikin mutum kafin ka saki ƙarfin. In ka ɗaga hannu ko yaya ne sannan ka dawo da shi, ya tashi daga turi ya koma duka, hukuncinsa kora. Ni gwiwa ba ta barina in shiga gasa, shi ya sa malam ya koya min alƙalanci na zama rafali.

A gasar da muka yi kwanan nan aka haɗa Yaya da wani ɗan Zangon Kumasi, direba ne a gidan wani Balarabe. Mutum ne mai sanyin hali, amma in ya kafa ƙafa sai ka ce dasa shi aka yi. Yaya ya yi ta turi ya kasa motsa shi, ga abokan aikinsa a gefe suna kallo, na ga fuskarsa ta canza. Yaya kuwa ya yi dambe da ƙuruciya, hannunsa ya saba. Sai na ga tafinsa ya ɗaga daga ƙirjin mutumin, ɗan kaɗan ne, ya dawo da ƙarfi. Bawan Allah ya yi baya ya faɗi a kan kafaɗa, ƙashin ya karye. Ni nake tsaye a gefen da ake ganin hannun, bidiyon da aka ɗauka kuma ta bayan Yaya ne, ba ya nuna komai. Kafin in ce wani abu wuri ya rikice, aka yi asibiti da shi, gasa ta watse.

Da aka sallame shi na je duba shi a ɗakin da suke haya su da yawa a Fereej Abdel Aziz, hannu a rataye. Bai zagi kowa ba. Ya ce ya faɗa wa kafil ɗinsa, wato Balaraben da ya ɗauko shi aiki, dukansa aka yi, kafil ɗin ya ce zai ji daga bakin kulob. In an tabbatar karya doka aka yi aka ji masa rauni, zai riƙe masa aikinsa har ya warke, kuma shi da kansa zai kai ƙara wurin 'yan sanda. In kuwa wasansa ne ya ja masa, khalas, shi ke nan, zai nemi wani direban, shi ya koma Ghana. Da zan tafi direban ya ce, “Malam, kai ne a wajen. Ka gani ai.” Na kasa haɗa ido da shi.

Shi kuma Yaya rantsuwa yake hannunsa bai ɗaga ba, kuma ina jin har zuciyarsa haka ya yarda, don abin ya yi sauri. Na lallaɓa na ce ko zai je ya ba mutumin haƙuri, ya ga kafil ɗin a kashe magana a gida, ya ce zuwansa na nufin ya amsa laifin da bai yi ba. Ya tuna min cewa kamfaninsu ba ya wasa da ma'aikacin da sunansa ya shiga wurin 'yan sanda, ga 'ya'yansa duk a nan suke makaranta. Matata ba ta yi min faɗa ba, da ma faɗan ta yi ya fi min sauƙi. Cewa ta yi ba ta ce in yi ƙarya ba, amma ai zan iya cewa ban gani da kyau ba, daga nan ta tashi ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Na je wurin malaminmu na Tai Chi na ce a cire ni daga maganar tunda Yaya surukina ne. Ya ce da akwai wani da ya tsaya inda na tsaya da ya cire ni, amma babu. Tambaya ɗaya kwamitin kulob da zai binciki maganar zai yi min, hannu ya ɗaga ko bai ɗaga ba.

In na ce ya ɗaga, zan iya raba mutumin da ya riƙe ni da aikinsa, ban kuma san yadda gidana zai kasance ba. In na ce ban gani ba, an kori marar laifi da karyayyar kafaɗa, alhali na gani da idona. Malaman cikinku ku faɗa min, akwai wata hanya da ban hango ba? In fara sanar da Yaya abin da zan faɗa, ko in je wurin kafil ɗin da kaina in roƙe shi kar ya kai ƙara?

Jibi Juma'a kwamitin zai zauna bayan la'asar, kuma Yaya ya ce shi zai biyo ya ɗauke ni mu tafi tare. Don girman Allah, in aka tambaye ni yana zaune kusa da ni, me zan ce?